Gabas Biyu

Turaku biyu na kafa a filin nan ranar ashirin da ɗaya ga Maris. Da na dawo daga Azare ban tarar da ko ɗaya ba.

Kwana biyu kacal na yi. Can aka tura ni rubuta JAMB, karo na uku. Daga tasha ban biya gida ba, na hau keke zuwa Tirwun, inda filin yake, da jakata a cinya, don Baffa ya ce a waya an gama haƙa fandisho, yau za a zuba kankare. Tun daga bakin titi na hango tankar ruwa, da tulin yashi da tsakuwa, da leburori wajen takwas. Na hango ramin. Na sauka na matsa kusa.

Ramin ya yi kyau. Kusurwoyi tsaf, igiya a miƙe. Amma ya jeru daidai da bangon ƙaramin masallacin da ke maƙwabtaka da filin, kamar da shi aka auna. Layina bai taɓa jeruwa da masallacin ba.

Filin na Baba ne. Shekara huɗu da rasuwarsa, komai yana hannun yayansa, Baffa Hammajoda, mai hatsi a kasuwar Muda Lawal. Ni da Inna muna unguwar Wunti, a ɗaki mai rufin kwano, babu silin, bangonsa yana kallon faɗuwar rana. Daga azahar bangon yake fara ɗaukar wuta. Da magariba in ka dafa shi sai ka janye hannu. Bara, a irin wannan wata na Afrilu, na shigo na tarar da Inna a ƙasa gefen gado, bakinta ya karkace kaɗan. Likita ya ce hawan jini ne, ya ce a raba ta da zafi. Bai ce da me ba. Fanka muna da ita. Wutar ce sai ta ga dama.

Malama Liatu, wadda ta koya mana zane a sakandare, ita ta zana mini gidan. Ta ce gida yana iya sanyaya kansa in an san inda za a juya shi. Dogayen bangaye su kalli arewa da kudu, can tagogi za su zauna. Gajerun biyu su kalli fitowar rana da faɗuwarta, babu taga ko ɗaya, su sha ranar su kaɗai. Rufi ya zarce bango da taku uku. A bar ƙananan kafofi can sama, zafi ya samu hanyar fita. Ɗakin Inna a arewa. Ta ce duk sauran ado ne, juyin shi ne gidan. Ita ta gaya mini ranar da rana ke fitowa daga gabas tsaf, na zo da asuba na jira ta, na bi inuwar sanda na kafa turakuna.

Baffa ya kira shi gidan takarda. Amma ya yarda, bayan wata bakwai.

Malam Bakari, maginin, yana tsaye kan leburori suna juya kwaɓin farko. Dattijo ne, shekara talatin yana gini a garin nan.

"Malam Bakari, ina turakuna?"

"A'a, Injiniya, an dawo? Yaya jarrabawa?"

"Ina turakuna?"

Ya nuna gindin dogonyaro da cokalin gininsa. "Ga su can, na adana maka." Sai ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Sun karkace ne, ɗana. Ba ka ce mini gidan ya miƙe gabas da yamma ba?"

"Haka na ce."

"To. Na zo na duba, na ga ka kauce wa gabas ba kaɗan ba. Ban so Alhaji ya ji ba, na gyara shiru. Da masallaci na auna. Na kuma sa Jalo, ɗaya daga leburorin nan, ya duba a wayarsa. Babu kuskuren ko ɗan yatsa."

Yana murmushi. Alheri ya yi mini.

Na tsaya ina kallonsa. Duk garin nan in an ce ka fuskanci gabas, salla ake nufi. Ni ma a haka na tashi. Alƙibla kuwa daga nan ba mafitar rana ba ce, ta karkata arewa sosai. Na san wannan, na karanta shi, na zana shi a allo. Amma da na zo ba da umarni sai na ce gabas, na rufe baki, na tafi Azare.

Na koma gefe na kira Malama Liatu. Tana Bogoro hutun Ista, layin yana tsinkewa.

"Mansir, ka yi magana a hankali. Nawa ne karkacewan?"

"Alƙibla suka bi."

"Kai, Ubangiji. Digiri ashirin da biyar ke nan. Tagan Mama zai sha rana tun ƙarfe huɗu har ya faɗi, Afrilu da Mayu duka. Rufin ba zai kare ba, lokacin rana ya yi ƙasa."

"In an zuba fa?"

"In an zuba, an zuba."

Layin ya yanke. Na sake kira, bai shiga ba.

Baffa yana zaune kan kujerar roba a inuwar tankar, ya ɗora hularsa a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce masa akwai kuskure, kuma nawa ne. Na yi bayani. Ban iya dogon bayani ba, wannan ma ya fito a yanke-yanke.

Ya saurara har na gama. "Wato gidan ya kalli gabas."

"Ya kalli alƙibla, Baffa."

"To me na ce?"

"Ba ita ce gabas ɗin zanen ba."

"Gabas nawa ne a duniya, Mansir?"

Leburorin sun daina juya kwaɓi. Wani ya yi dariya.

"Na haƙura da tubalin ƙasa," in ji Baffa. "Mutane suna tambayata ko talauci ne ya kama mu. Na haƙura da bango babu taga kamar rumbu. Na haƙura gida ya ba titi kafaɗa. Yau kuma Allah ya sa bawansa ya daidaita maka gida da alƙibla, ka zo ka ce a karkatar? Uwarka ta riƙa shimfiɗa sallaya a gicciye cikin ɗakinta, kamar baƙuwa a otal?"

"Rana za ta shiga ɗakin."

"A sa labule."

"A Wunti ma akwai labule."

Ya mayar da hularsa. Bai ɗaga murya ba. Baffa ba ya ɗaga murya sai abu ya wuce gyara. "Na tara mutum takwas. Na kawo ruwa. Siminti yana ƙasa, an jiƙa shi. Bakari, a zuba."

Jalo ne ya fara cika baro. Ƙato ne, baƙi, bakinsa ba ya hutawa. Ya turo baron bisa katako zuwa kusurwar arewa, daidai inda ɗakin Inna zai zauna.

Ban yi shawara da kaina ba. Na ajiye jakata, na dira cikin ramin, na zauna.

Zurfinsa ya kawo mini ƙirji a zaune. Ƙasar ja ce, da ɗumi. Bakin baron yana saman kaina, ruwan siminti yana ɗiga a kafaɗata.

"Farfesa," in ji Jalo, "in na juye, kai ne ginshiƙin farko. Gidan zai yi ilimi."

Aka kwashe da dariya. Ban ɗaga kai ba.

"Fito," in ji Baffa.

Ban motsa ba.

"JAMB uku, ga injiniya a rami. Mansir, na ce ka fito."

"A bari zuwa la'asar, Baffa. In nuna."

"Ku ɗauke shi."

Babu wanda ya motsa. Malam Bakari ya dafa baron ya ja shi baya kaɗan. "Alhaji, ni dai ban taɓa zuba kankare a kan ɗan mutum ba. Ba kuma na sa a kama magajin gida a filin ubansa."

Baffa ya ciro waya. Na ji sunan da ya kira, sai na ɗago.

"A'i, ki hau keke ki zo Tirwun yanzu. Ki zo ki ga ɗanki."

"Baffa, rana ta take. Kada ta fito."

"Kai ka fito da ita."

Ƙarfe ɗaya saura. A ramin babu inuwa ko ta tafin hannu. Na zauna ina lissafin hanya: daga Wunti zuwa nan, cikin keke mai rufin leda, a tsakiyar Afrilu. Ko ta sha maganinta na safe. Ko ta ɗauko ruwa. Na tuna bakinta na bara. Sau biyu na dafa bakin ramin zan fita in kira ta in ce ta zauna, na haƙura. Sau biyu na kalli kusurwar nan na koma. In na fita, za su zuba. In sun zuba, duk Afrilun da ya rage mata a duniya a cikin wannan kuskuren za ta yi shi, kuma ni na furta kalmar.

Aka kira azahar a masallacin. Suka tafi. Jalo ya dawo da buta ya ajiye a bakin ramin.

"Yi alwalarka a nan, Farfesa. Ramin ma ai gabas yake kallo, ba ka da matsala."

Na yi salla a ciki. Gaskiyarsa, ya yi daidai.

Keken ya tsaya wajen ɗaya da rabi. Inna ta sauko a hankali, tana riƙe da ƙarfen ƙofa. Mayafinta ya jiƙe a wuya. Ta gaida Baffa a durƙushe, ta gaida Malam Bakari, ta yi wa leburori sannu da aiki. Ni ba ta kalle ni ba. Ni ne ɗanta na fari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa ganin ta goyi bayana a gaban mutane ba, ko da ni ke da gaskiya. Haka aka rene ta. Baffa ya san da haka, shi ya sa ya kira ta.

Ya gaya mata komai, a taƙaice, yadda shi ya gani. Tana sauraro tana kallon ƙasa.

Ta zo bakin ramin. Ta kalli igiya, ba ni ba.

"A fito."

"Inna…"

"A fito, na ce."

Na fito. Ƙafafuna sun yi tsami, na kusa faɗuwa. Wandona ya yi ja da ƙasa.

"Yaya, a yi haƙuri," ta ce da Baffa. "A ci gaba da aiki."

Shi ke nan. Na ɗauki jakata. Ban san inda zan nufa ba.

Malam Bakari ya je kan kwaɓin, ya soka cokali, ya ɗago, ya murza a yatsa. Ya daɗe yana murzawa.

"Alhaji, wannan ya tafi. Ya fara kamawa. In na zuba shi a fandisho na cuce ku." Ya kalli sama. "Kuma sabon kwaɓi a wannan ranar, kafin a kai ƙarshen layi farkon ya tsage. Ni dai sai bayan la'asar, in ta yi sanyi."

"Ɗazu ba ka ce haka ba."

"Ɗazu sha biyu ce, Alhaji."

Bai kalle ni ba da ya faɗa. Baffa ya yi tsaki ya koma kujerarsa. Aka shimfiɗa wa Inna buhun siminti wanda babu komai a ciki, a gindin dogonyaro, na kai mata ruwan leda biyu, ta karɓa.

Awa biyu da rabi ke gare ni.

Ranar da na kafa turakun na san awaki da yara, don haka ƙarƙashin kowanne na binne kwalbar lemo. Na je na tona da hannu. Ta farko tana nan. Ta biyu ƙasar haƙa ta rufe ta, sai da na kwashe rabin tuli da shebur kafin na ji ƙarar gilashi. Na ɗaura igiya tsakaninsu. Layina ya ratsa ramin Malam Bakari a karkace, kamar an soke rubutu.

Akwai bulo ɗari da wani abu da aka kawo don fandisho. Na fara jera su babu siminti, a kan layin Malam Bakari, daidai bangon ɗakin Inna. Na bar gurbin taga. Bulo yana da nauyi in ka yi sammako a mota ba ka ci komai ba. A na ashirin fatar tafina ta ɗaye.

"Me Farfesa yake ginawa? Kejin kaji?"

"Bango."

"Bango biyu?"

"Ɗaya naku, ɗaya nawa."

Jalo ya kalle ni, ya kalli Baffa, ya tofar da ɓawon rake. "Ni dai ina son in ga ƙarshen fim ɗin nan." Ya ɗauki bulo biyu, ɗaya a kowane hannu.

Muka tayar da guntun bango biyu, kowanne ya kai tsayin mutum, kowanne da tagarsa. Ɗaya a layin alƙibla, ɗaya a layin kwalabe. A saman kowanne muka ɗora falankin katako ya zarce da taku uku, muka danne da bulo, a madadin rufi. Na auna da tef sau biyu, kada a ce na yi son kai. A bayan kowace taga na ajiye bulo ɗaya, inda kan gado zai kasance.

Aka kira la'asar. Muka yi salla muka dawo. Inna ba ta yi ba, masallacin babu wajen mata.

Ƙarfe huɗu da kwata na duba. Duka tagogin biyu inuwa.

"To?" in ji Baffa.

"A ɗan jira."

"Bakari, a fara kwaɓi."

Suka fasa buhu uku a kan yashi. Suka fara juyawa a bushe. Ina jin ƙarar shebur a bayana ina kallon bulon da ke ƙasa. Wataƙila Malama ta yi kuskure. Wataƙila ni na yi, a Maris, da inuwar sandar. Mutumin da ya faɗi jarrabawa sau biyu ba shi da dalilin yarda da lissafinsa.

Huɗu da rabi. Wani siririn haske ya bayyana a gefen tagar farko, kamar zare. Ya sauka ƙasa. Ya yi faɗin yatsa, ya yi faɗin hannu.

"A kawo ruwa," in ji Baffa.

"Tsaya tukuna," Malam Bakari ya ce da mai tiyo. Ya zo ya tsuguna yana kallo.

Biyar saura kwata hasken ya hau bulon.

Na je gindin dogonyaro na durƙusa. "Inna, ki zo ki zauna. Minti biyu."

Ta kalli Baffa. Ya ɗaga kafaɗa. Ta tashi.

Ta zauna a bayan bangon farko. Rana ta shigo ta tagar a karkace, ta ƙarƙashin katakon, ta sauka a kuncinta da kafaɗarta da cinyarta. Ta runtse ido. Ta ɗaga gefen mayafi ta kare fuska, daidai yadda take yi a Wunti kowace yamma, ba ta ma san ta yi ba. Na ga jijiyar wuyanta tana bugawa. Ban bari ta cika minti biyun ba.

Ta koma bayan na biyu. Taku goma ne tsakani. Inuwa tun daga katako har ƙasa. Rana tana wucewa ta gefen bangon, ba ta taɓa shi ba. Iska ta shigo ta gurbin ta motsa bakin mayafinta. Ta sauke hannu.

Jalo ya je ya zauna a na farkon, ya yi tsalle ya tashi. "Kai! Nan ai gasa masara za a yi." Ba a yi dariya sosai ba.

"Na gani," in ji Baffa. "Ba makaho ba ne ni. Wata biyu ne a shekara. Salla kuma sau biyar ce kullum har a mutu. A'i, ke za ki zauna a ɗakin. Ga gida ya kalli gabas, an haƙa an gama. Ga kuma na yaro, a cike rami a sake wani, ki ƙare rayuwarki kina sallar gicciye. Ki faɗa da bakinki. Ni na gaji."

Ya san ba za ta iya ba. A ce ta zaɓi maganar ɗanta na fari a kan ta yayan mijinta, a gaban leburori takwas. Na ga yatsunta suna murza bakin zane.

"Malam Bakari," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na'am, Hajiya."

"Kai ka gina masallacin can?"

"Ni na gina."

"Gidajen da ka gina a garin nan fa, duka gabas suke kallo?"

Ya shafa gemu. "Ina fa. Yawanci titi suke bi. Inda fili ya juya, nan gida ke juyawa."

"Mutanen ciki suna salla?"

"Suna yi mana."

"Ta karɓu?"

"Hajiya, wannan sai Mai karɓa. Amma ni ban taɓa jin malamin da ya ce bango ne ke salla ba." Ya juya ga Baffa, ya cire hularsa, ya mayar. "Alhaji, ni na tumɓuke turakun yaron nan ban tambaye shi ba. Na ɗauka bai san gabas ba. Ashe wata yake nufi."

"Ban tambaye ka ba, Bakari."

Inna ta miƙe. "Yaya, lokaci yana wucewa, ban yi la'asar ba. A ba ni buta."

Jalo ya miƙa mata. Ta yi alwala a gefe. Ta dawo ta wuce bangon farko, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tsaya a inuwar na biyu. Ta ciro ƙaramar sallaya daga jakarta, ta hangi masallacin, ta shimfiɗa ta a ƙasa. Sallayar ta kwanta a karkace da bangon, kusurwarta ɗaya ta kusa taɓa bulo, ɗayar ta yi nesa. Ta ɗan gyara ta da ƙafa. Ta tayar da kabbara.

Raka'a huɗu. Duk muna tsaye. Mai tiyo ya kashe ruwa.

Baffa bai jira ta sallame ba. Ya kira ni da yatsa.

"Ka ci," ya ce a hankali. "Daga yau ginin nan naka ne. Ba ni kawo lebura, ba ni kawo tanka, ba ni zuwa. Ramin da ka zauna a ciki kai za ka cike shi, kai za ka haƙa wani. In damina ta riske ka, kada in ga ƙafarka a Muda Lawal."

"To, Baffa."

"To kawai?"

"Na gode, Baffa."

Ya daɗe yana kallona. Ya kalli Inna tana zaune a tahiya. Ya shiga motarsa. Tankar ta bi bayansa, ruwan da ya rage yana zuba a hanya.

Leburori suka rufe busasshen kwaɓin da leda, suka wanke shebur, suka fara watsewa. Jalo ya tsaya ya dubi hannuna.

"Farfesa, wannan hannun na biro ne. Ranar Asabar ba ni da aiki. Ka tanadi shinkafa da wake, ban da wasa."

Malam Bakari ya ɗauko turakun nan biyu daga gindin dogonyaro, ya kakkaɓe su, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Kafa da kanka. Gobe bayan asuba ina nan da igiya. In za ka ce gabas, ka ce mini wacce."

Na kafa su a kan kwalaben. Na buga da dutse har suka nutse rabi.

Damina saura sati biyar, ko shida in an yi sa'a. Ramin taku arba'in da huɗu ne a tsaye, ashirin da biyu a kwance, ban da na tsakiya. Na ɗauki shebur na fara tura jar ƙasa cikin kusurwar da na zauna ɗazu. Tafina yana zafi. Ban tsaya ba.

Inna ta sallame, ta yi addu'a, ta naɗe sallayar. Ba ta tashi daga inuwar ba. Ta ciro ruwan leda ɗaya daga cikin biyun da na kai mata, ashe ba ta sha ba. Ta ajiye shi a gurbin tagar.

"Malam Bakari," ta ce, tana kallon wani wuri can, "a gaya wa mai gidan nan ya sha ruwa."